Tun a Cikin Uwa Ake Gina Tsokar Bijimi

Ya kai ɗan'uwa mai kiwo, da kai malamin gona mai zagaya ƙauyuka da rugage, akwai wata al'ada da ta zauna daram a harkar kiwon shanu wadda ya kamata a sake dubawa. Idan kaka ta yi, aka ɗaure harawa aka ɗora bisa rumfa ko reshen bishiya, wa ake yi wa tanadinta? Sanin kowa ne cewa bijimin da ke turke ana jiran kasuwar sallah shi ne na farko, sai shanun huɗa idan bazara ta kawo kai. Saniya mai ciki kuwa, muddin cikin bai fito fili ba, korar ta ake yi tare da sauran garke ta je ta yi kalen kara da busasshiyar ciyawa. Ko shawarar da aka saba ji daga bakin masana ita ce a ƙara wa saniya abinci a watanni biyu ko uku na ƙarshen cikinta. Shawarar tana da kyau, amma a ganina ta makara, domin kafin a kai waɗannan watanni an riga an gama wani babban aiki a jikin ɗan tayi wanda babu dusar da za ta sake shi daga baya.

Domin ka fahimci wannan aiki, ka tuna da dambun nama. Idan aka dafa tsoka ta yi laushi aka daka, za ka ga ta rarrabu sili-sili. Kowane sili da idonka ya gani dami ne na wasu ƙananan zarurruka masu yawa, waɗanda kowannensu bai wuce kaurin gashin kai ba. Su ake kira zaren tsoka. Yawan naman da ke jikin sa ya dogara ne a kan abu biyu, wato yawan waɗannan zarurruka, da kuma kauri da tsawon da kowannensu ya yi. Kiwon turke, komai kyawunsa, a kan abu na biyu kawai yake aiki. Yana kumbura zaren da ke akwai, yana kuma cusa kitse a tsakaninsu da ƙarƙashin fata. Yawan zaren kuwa, da shi ake haihuwar maraƙi, kuma da shi zai je hannun mahauci.

Masu bincike na cibiyar da a da ake kira INRA da ke Theix a ƙasar Faransa, musamman Brigitte Picard da abokan aikinta, sun shafe shekaru tun daga shekarun 1990 suna duba tsokar 'yan tayin shanu a matakai daban-daban na ciki. Abin da suka gano shi ne zaren tsoka ba ya samuwa a lokaci guda. Rukuni na farko yana bayyana tun ciki yana da kimanin kwana 30, lokacin da wasu ƙwayoyin halitta ke jeruwa su narke cikin juna su zama zare ɗaya dogo. Waɗannan ba su da yawa, aikinsu kamar na dirkokin da ake kafawa ne kafin a jingina zana. Daga kimanin kwana 60 sai rukuni na biyu ya fara fitowa yana kewaye na farko, kuma shi ne yake samar da mafi yawan zaren da dabba za ta rayu da shi. Akwai ma rukuni na uku da ake gani daga wajen kwana 110. Idan ciki ya kai kimanin kwana 180, wato wata shida, adadin zaren ya tsaya. Wasu masanan na Amurka suna kai ƙarshen wannan aiki zuwa wata na bakwai ko na takwas, amma duka sun haɗu a kan cewa tsakiyar ciki ne ganiyar aikin, kuma bayan haihuwa ba a ƙara wani adadin a zo a gani.

To, ka dubi waɗannan watanni da idon makiyayi. Daga wata na biyu zuwa na shida ɗan tayi ƙarami ne, domin kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da za a haife shi da shi a watanni ukun ƙarshe yake samunsa. Cikin uwar bai taso ba, hantsarta ba ta sauko ba, sau da yawa ma tana shayar da maraƙin baya kuma ana tatsar ta safe da yamma. Babu wata alama da za ta sa mai ita ya tausaya mata. A daidai lokacin da ido ke cewa babu abin da ke faruwa, a lokacin ne ake ƙidaya zaren da bijimin gobe zai ɗauki nama da shi.

Sai kuma maganar irin zaren, domin ba duka ne iri ɗaya ba. Kowa ya san ƙirjin kaza fari ne, cinyarta kuwa ta fi duhu, alhali ƙirjin tantabara ja ne. Kaza ba ta tashi sai ɗan firr na tsoro, yini take tana tafiya da tono, tantabara kuwa tana daɗewa a sama. Bambancin yana cikin wani furotin da ake kira mayosin, wanda shi ne mafi yawa a cikin tsoka. Shi ne yake kama wani siririn furotin mai suna aktin ya ja, ya saki, ya sake kamawa, kamar yadda mai jan guga ke bin igiya hannu bayan hannu, kuma da wannan ja ne tsoka take tsukewa har gaɓa ta motsa. Mayosin iri-iri ne. Akwai mai aiki a hankali wanda masana ke kira nau'i na I. Zaren da ke ɗauke da shi ja ne, jini yana ratsa shi sosai, yana ƙona kitse da iskar numfashi, kuma ba ya saurin gajiya. Akwai nau'in IIx mai sauri da ƙarfi, wanda zarensa ya fi haske da kauri, yana aiki da sukarin da aka adana a tsoka, amma nan da nan yake sarewa. Tsakaninsu akwai nau'in IIa, mai sauri kuma mai ɗan juriya. Nau'i na huɗu, IIb, wanda ya yawaita a jikin ɓera da alade, da wuya ake samunsa a naman shanu.

Ɗan tayi ba da waɗannan yake farawa ba. A watannin farko zarensa yana ɗauke da wasu nau'o'in mayosin na wucin gadi, waɗanda a cikin mahaifa kawai suke da amfani. Zaren rukuni na farko mafi yawansu sukan rikiɗe su zama masu aiki a hankali, na rukuni na biyu kuwa mafi yawansu masu sauri. A watanni ukun ƙarshe ne mayosin na wucin gadi ke ɓacewa, na manya ya maye gurbinsa, zaren kuma ya yi ta kauri yana tanadar abin da zai ƙona. Saboda haka ne maraƙi lafiyayye yake miƙewa ya nemi nono cikin awa ɗaya ko biyu da faɗowarsa, alhali ɗan kwikwiyo ko ɗan ɓera sai ya yi kwanaki yana jan ciki. A nan ne tsohuwar shawarar ciyarwa a ƙarshen ciki take da gaskiyarta, kuma ba na so a fahimce ni da cewa a yi watsi da ita. Maraƙin da aka haifa da rauni, wanda ya kasa tashi ya sha dakashi a kan kari, ya fara rayuwa da bashi.

Abin lura a nan shi ne nau'in zare yana iya sauyawa bayan haihuwa. San da ke jan garma ko amalanke, da saniyar da ke doguwar tafiya neman ruwa, zarensu yakan karkata zuwa ja mai juriya, wanda ke ɗaure a turke kuwa yakan karkata zuwa mai haske da kauri. Tsokar muƙamuƙin babbar saniya, saboda tuƙar da take yi dare da rana, kusan dukkanta nau'i na I ce. Wato aiki da abinci suna da ta cewa a kan irin zaren har tsawon rayuwa. Yawansa ne kawai ƙofarsa ke rufewa tun kafin ka ga maraƙin da idonka.

Idan kana son ganin ƙarfin yawan zare a fili, ka dubi shanun ƙasar Beljiyam da ake kira Belgian Blue, masu ninkin tsoka kamar an hura su. A 1997 aka gano wani sinadari a jikin dabba mai suna mayostatin, wanda aikinsa shi ne taka wa tsoka birki, kuma a shekarar aka tabbatar cewa a jikin waɗannan shanu birkin ne ya lalace ta hanyar gado. Sakamakon haka ɗan tayinsu yana tara zaren da ya kusa ninka na sauran shanu. Sai dai abin ya zo da tsada, domin mafi yawan 'ya'yansu sai likita ya yi wa uwar fiɗa ake ciro su. Wannan ba irin da za a yi wa Bunaji ko Rahaji ko Bokoloji sha'awarsa ba ne a rugar da likitan dabbobi ke da nisan yini guda. Darasin da ke ciki shi ne gado ne ke yanka iyakar zaren da maraƙi zai iya samu. Tambayar da ta shafe ka ita ce, shin abincin da uwa ke samu yana barin sa ya kai wannan iyaka?

An gwada wannan a wurare da dama. A Jami'ar Wyoming ta Amurka an rage wa tumaki masu ciki rabin abincin da suke bukata daga kwana 28 zuwa 78 na cikinsu, kuma rahotannin 2004 da 2006 sun nuna zaren rukuni na biyu ya ragu a 'yan tayin, 'ya'yan da aka bari suka girma kuma sun fi tara kitse da ƙarancin zare. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne na Jami'ar Viçosa ta ƙasar Birazil, wanda aka buga a 2017, domin an yi shi ne a kan shanun Nelore masu tozo, da ke kiwo a ƙasa mai damina da rani. An raba shanun gida uku: wasu ba a ƙara musu komai ba, wasu an ƙara musu abinci daga kwana 30 zuwa 180, wasu kuma daga kwana 181 zuwa haihuwa. Maruƙan da aka ciyar da iyayensu a kashin farko zuwa tsakiyar ciki sun fi waɗanda ba a ƙara wa iyayensu komai ba yawan zaren tsoka.

Gaskiya ɗaya ce, dole kuma a faɗe ta duka. Saniya ta fi tunkiya iya kare ɗan tayinta. Idan abinci ya ɗan gaza, jikinta take narkarwa ta ciyar da shi, don haka ba kowace 'yar yunwa ce ke taɓa zaren ba. Binciken da Paul Greenwood da abokansa suka yi a Ostareliya a shekarun 2000 ya nuna cewa yunwar uwa ba ta sauya laushi ko ingancin naman 'ya'yan sosai ba. Amma shi wannan binciken ya nuna cewa maruƙan da aka haifa ƙanana saboda tsananin yunwar uwa sun ci gaba da zama a baya wajen nauyi har suka kai wata 30, ba su kamo 'yan'uwansu ba duk da an ciyar da su daidai. Kai da ke sayarwa a kara, inda dillali ke shafa gadon baya da cinya kafin ya yanka kuɗi, nauyin nan shi ne ribarka. Har ila yau, kariyar da uwa ke bayarwa ba kyauta ba ce. Saniyar da ta haihu ƙasusuwa a waje nononta kaɗan ne, kuma takan daɗe ba ta nemi bijimi ba, wanda yana cikin dalilan da suka sa a garkunan gargajiya da yawa saniya ke shafe kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa.

Yanzu ka ɗauki kalanda mu yi lissafi tare. Cikin saniya mai tozo yakan kai kwana 285 ko sama da haka kaɗan. Wadda aka yi wa barbara a farkon Yuni, kwananta na 60 zuwa 180 zai faɗo daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Nuwamba, cikin ɗanyar ciyawa da kalen kaka, don haka ita matsalarta tana ƙarshen ciki da lokacin shayarwa, tunda a Maris za ta haihu. Wadda ta ɗauka a farkon Satumba, bayan damina ta mayar mata da jiki, nata zai kama daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu, ya fara da wadata ya ƙare da ƙunci. Wadda ta ɗauka a farkon Nuwamba ita ce abar tausayi, domin daga ƙarshen Disamba zuwa ƙarshen Afrilu ne ɗanta ke tara zare, a lokacin da gobarar daji ta cinye abin da ya saura kuma kara ya zama itace. Ita kuwa a Agusta za ta haihu, ciyawa ta ko'ina, jikinta ya ɗan murmure, har mai ita ya ɗauka babu abin da ya same ta.

Busasshiyar ciyawar rani tana cika tumbi, amma furotin da ke cikinta yakan faɗi ƙasa da kashi 7 cikin 100, wanda shi ne kimanin abin da ƙananan halittun da ke tumbin saniya ke bukata kafin su narkar da abin da ta ci. Idan suka rasa shi, ciyawar takan daɗe a tumbi, saniyar ta rage ci, ta rame alhali cikinta a cike yake. Shi ya sa abin da ake nema a nan ɗan ƙari ne mai furotin, ba tulin abinci ba. Dami ɗaya na harawar wake ko ta gyaɗa da yamma, ko kimanin kilo 1 na ƙulin angurya a rana, ko kowar wake da 'ya'yan gawo a haɗa da dusa, tare da gishirin lasa da wadataccen ruwa, suna buɗe mata ci har ta amfana da karan da a da take taunawa a banza. Wanda ke da fili yana iya shuka lablab ya yanke shi ya shanya a inuwa. Tun a shekarun 1980 cibiyar ILCA, wadda daga baya ta zama ILRI, ta gwada killace fili na kimanin kadada 4 a shuka ciyawar sitailo a Jihar Kaduna, domin a riƙa sakin shanu masu ciki da masu shayarwa a ciki na 'yan awoyi kowace rana da rani. Kada dai a ba saniya mai ciki abincin da ya yi fumfuna don ana ganin asarar zubar da shi.

Na san abin da mai kiwo zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Harawar da ya ba bijimin turke za ta dawo masa kuɗi cikin wata uku ko huɗu, wadda ya ba saniya mai ciki kuwa sai bayan shekara uku ko huɗu zai ga amfaninta, idan ma maraƙin ya rayu kuma bai sayar da shi yana ƙarami ba. Ga kuɗin taki, ga hidimar gida. Ban ce a kwance bijimi a bar shi da yunwa ba. Abin da nake cewa shi ne a ware wa mai ciki kasonta tun ranar da ake ɗora harawa a rumfa, kada a jira sai abin da bijimi ya rage. Ƙarin da take bukata a tsakiyar ciki bai kai rabin abin da bijimin turke ke lanƙwamewa a rana ba, kuma riba uku yake jawowa: maraƙi mai cikakken zare, nono mai yawa bayan haihuwa, da saurin sake ɗaukar ciki. Idan abin da ke hannu bai isa kowa ba, a fara da karsana mai cikin fari, domin ita kanta ba ta gama girma ba, jikinta da ɗanta suna rabon abinci ɗaya. Sai wadda ke da ciki kuma tana shayarwa. Irin wannan, idan maraƙin baya ya yi wayo, yaye shi da rage tatsa ma ciyarwa ce, ko da yake shawara ce da sai an zauna da uwargida mai ƙwaryar nono kafin ta yiwu.

Akwai kuma masu cewa idan aka ciyar da saniya mai ciki ɗan zai yi girma ya gagara fita. Tsoron yana da tushe ga wadda aka yi wa ƙiba fiye da kima, ko ƙaramar karsana da aka haɗa da babban bijimin waje. Amma maraƙin Bunaji a garken ƙauye da kusan kilo 20 ake haihuwarsa, kuma hana uwa abinci ba ya sauƙaƙa naƙuda, sai dai ya bar ta babu ƙarfin yunƙuri.

Kai kuma malamin gona, duk wannan bayani ba shi da amfani idan ba a san ranar da ciki ya shiga ba, kuma a nan ne aikinka yake. Makiyayi ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta, yakan kuma lura da ranar da bijimi ya hau ta. Abin da ya rage shi ne a riƙe ranar, ko a littafi da boko ko ajami, ko a waya, ko a danganta ta da watan Musulunci da ranar kasuwa. Idan kwana 21 ya zagayo ba ta sake neman bijimi ba, a sa mata ido, idan ya sake zagayowa shiru, a ɗauke ta a matsayin mai ciki a fara ba ta kasonta. Inda akwai likitan dabbobi, yana iya tabbatarwa da hannu daga wajen wata biyu, kuma wannan dubawar tana hana a kai mai ciki mayanka da rani bisa zaton juya ce. A tuna kuma cewa sammore da tsutsar hanta da kaska suna cinye abin da aka ba uwa kafin ya isa ga ɗan tayi, don haka a nemi likita ya zaɓi maganin da bai cutar da ciki, kada a saya a kasuwa a ɗura mata da ka. Lokacin da ya fi dacewa ka kai wannan magana ruga shi ne Oktoba da Nuwamba, sa'ad da harawa ke ƙasa ba a ɗaure ba, farashinta bai tashi ba, kuma mai garke bai riga ya yanke wa zai ci wa zai jira ba.